Taubashi, Gwaggo Ta Riga Ka Samun Digiri

Bawana ɗan gwaggo, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka tako har Bakura ka durƙusa ka gaishe ni. An ce tun da ka dawo da digiri na biyu kan nazarin kafafen watsa labarai ba ka amsa sallama sai an haɗa da "Malam". An ce har tabarau ka saya, alhali idonka garau yake, don tun muna yara kai ke fara hango mai gona in mun shiga rake. To, ɗan mace dai ɗan mace ne ko da ya haɗiye ɗakin karatu da kantocinsa. Kuɗin shararka na bana suna aljihuna, amma sai ka tsaya ka ji abin da ke bakina.

Labarin ajin hutun da ka buɗe a Mafara ya riga bidiyon da kuka yi isowa nan. Dabarar ba ta da laifi, kuma ka san ba ƙaramin abu ne zai sa in faɗi haka a kanka ba. Garinku yanzu garin ɗalibai ne. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2018, ga kuma yaran da ke karatu a Gusau da Sakkwato da Zariya, su dawo hutu ba abin yi sai latsa waya. Ka kwashi goma sha biyu daga cikinsu ka zuba a zauren gidanku, ka ce za ka koya musu yadda ake feɗe bidiyon waƙa, in sun iya fiɗa kuma su yi nasu.

Wata Talata na shigo cin kasuwa, na ce bari in leƙa in ga abin da bawana ke yi da dukiyata, tunda duk abin da bawa ya mallaka na ubangidansa ne. Na same ka gaban allo, alli a hannu, kana ta ambaton wani Bature Andrew Goodwin kamar mai tawassuli. Ka ce shi ya rubuta littafi a 1992 kan bidiyon waƙa, ya kasa dangantakar hoto da waƙa gida uku: ko hoto ya nuna abin da baki ya faɗa, ko ya ƙara abin da baki bai faɗa ba, ko ya saɓa masa da gangan. Daga nan ka yi tsalle ka dira kan Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya yi koyarwa a Ingila, wanda ya ce mai shirya saƙo ƙulla shi yake yi, mai kallo ya kwance, kuma ba lallai ya kwance yadda aka ƙulla ba. Wani zai yarda, wani ya yarda da rabi, wani ya juye maganar baki ɗaya. Yara na ta rubutu hannu na rawa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗa, ina cewa a zuci: ikon Allah, yaron nan ya je jami'a ya biya kuɗi masu yawa an koya masa aikin 'yan amshi.

Don me ɗan amshi yake yi in ba wannan ba? Jagora ya jefo ɗan waƙa, su mayar masa da gindi yadda yake. Wani lokaci su karɓa su yi ƙari, su kai maganar inda shi bai kai ta ba. Wani lokaci kuma su cafe daga bakinsa tun bai ƙarasa ba, a yi ta miƙa wa juna har ka rasa wa ya fara. Batun ƙulli da kwancewa kuwa, je ka fada ranar sallah ka tsaya bayan makaɗan kotso. Makaɗi zai saki zambo bai kama sunan kowa ba, ya ambaci wani mai ƙaton ciki ko mai gajeren wuya da ke harin gadon sarauta. Sarki ya ji yabo. Ɗan sarkin da aka nufa ya ji kamar an watsa masa barkono, amma dole ya yi murmushi, don in ya ɓata rai ya amsa sunansa. Talakawa kuma su ƙunshe dariya su kai ta gida. Magana ɗaya, kunne uku. Mutumin Jamaika bai yi ƙarya ba, sai dai kakanninmu sun riga shi zuwa kasuwar.

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma ya fi ba ni dariya, shi ne inda kake tsaye kana wannan wa'azi. Tsakanin garuruwan nan namu uku, Bakura da Mafara da Maradun, aka yi manyan da duk mai nazarin waƙar Hausa ke cin abinci da sunansu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ana kiransa na Maradun don can gidansu ya yi wa Sarkin Ƙaya kiɗa, shi da yayansa Kurna, amma cibiyarsa a Ɗankadu take, ƙasar Bakura. Mutanen Maradun su yi ta musu, mu dai mun san inda aka yanke ta. Daga nan ya tashi har ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello. Sa'idu Faru kuma, Malamin Waƙa, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun. To ku Mafara ina rabonku a cikin biyun nan? Aro. Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ya zauna garinku yana hakimci, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996, shi ya jawo muku Sa'idu kuna jin kotso kyauta ta kan katanga. Ko a gwamna ma haka aka yi: mu muka fara bayarwa a 1999, ku kuka biyo a 2011, Maradun ta karɓa a 2019. Kullum kuna tsakiya kamar ɗan amshin da ba a ba shi ganga ba.

Kuma ba a ce babu littafi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, ɗan jihar nan, ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya shimfiɗa yadda ake gano turken waƙa, wato babban saƙon da aka ɗaure ta a kai, da tubalan da aka gina turken da su, da salo, da yadda ɗiya ke bin gindi. Na duba allonka sama da ƙasa ban ga kalmar turke ba. Da ka fara da ita, da abin da ya faru a bakin dam ɗin Bakolori bai faru ba.

Ka yi zaton ban ji ba? Ai direban da ya kai ku abokina ne, kuma bakinsa ba ya da marfi.

Waƙar ta soyayya ce, ɗaya daga cikin yaran ya rubuta, aka buga mata fiyano a wani ɗan situdiyo. Turkenta, in ka yarda in ari kalmar, shi ne talaka mai son gaskiya: ba shi da kuɗi, ba shi da gata, zuciya kawai ya kawo. Madalla. Sai aka tashi ɗaukar hoto. Cikin watan Afrilu, rana tana dukan ƙasa har ƙadangare na ɗaga ƙafa, aka sa wa mawaƙin rigar sanyi mai hula, irin wadda ake sawa a ƙasashen ƙanƙara, aka rataya masa sarƙa biyu, aka ɗora shi kan bonet ɗin motar kawun wani. Bonet kuwa ya sha rana. An ce sau uku yana zabura yana shafa baya kafin wani mai hankali ya shimfiɗa masa kwali. Yarinyar da ke fitowa a matsayin masoyiya tana can nesa cikin laffaya tana tafiyar hawainiya, don yayanta ya biyo ku da sanda, ya ja layi a ƙasa ya ce mawaƙi kada ya kuskura ya tsallake. A gaskiya shi ne daraktan fim ɗin. Kai kana gefe da takarda kana ihu a sake, shi kuwa in ya gyara tsayuwa kowa sai ya nutsu.

Sai ƙaramar sifikar da ke sakin waƙar ta fara jinkiri, mawaƙi na bin ta da baki, ya zamana leɓe ya rufe murya na nan tana tafiya, kamar fim ɗin Indiya na fassara. Kafin a gyara wannan, waya ta yi zafi ta ɗauke. Aka sa ta cikin kular ƙanƙarar mai sayar da ruwa ta huce. Tana dawowa sai ga wani dattijo da jakinsa ɗauke da buhunan albasa ya ratso tsakiyar fage, ya yi muku sallama, ya tsaya yana tambayar ko lafiya yaron nan yake.

Ban ga laifin yaran ba. Abin da ido ya saba gani shi hannu ke kwaikwaya. Tun da tashar MTV ta fara a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981 waƙa ta zama abin kallo a duniya, mota da sarƙa suka zama kayan aikinta, Legas ta ɗauka ta ƙara gishiri. Ta ɗaya gefen kuma finafinan Indiya sun shekara da shekaru a gidajen silima na Arewa kafin a yi fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, shi ya sa da Sangaya ta fito a ƙarshen shekarun 1990 da rawa da waƙarta, saurayi da budurwa suna zagaya juna, kasuwa ta buɗe ba ta sake rufewa ba. Arewa24 ta zo a 2014 da shirin Zafafa Goma, yaro ya ga ana jera bidiyo ana ba su lamba. A 2020, ana zaman kulle, Jarumar Hamisu Breaker ta nuna cewa waya ɗaya a tsakar gida ta isa ta kai waƙa ko'ina. Yaranka sun sha daga duk rijiyoyin nan. Aikinka shi ne ka tambaye su wace guga suka jefa a wace rijiya, kuma don me. Kai kuwa ka tsaya kana gyara tabarau.

Layin da yayan yarinyar ya ja ma darasi ne da ya fi rabin abin da ke allonka. A jihar nan aka ƙaddamar da shari'a ranar 27 ga Oktoba 1999, kuma mutumin garinmu ne ya yi. A Kano akwai hukumar tace finafinai tun 2001. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito ciki da mawaƙi ClassiQ, kan abin da a Legas ba wanda zai ɗaga kai ya duba. Duk ɗalibin da zai ɗauki kyamara a ƙasar nan ya kamata ya san tazarar da ke tsakanin mutum biyu a hoto magana ce, kuma akwai masu auna ta da zira'i.

Amma bari in zo kan gwaggo, don saboda ita na ɗauki alƙalami.

Ran da kuka gama haɗawa, ka kawo mata a waya kana taƙama, ni kuma Allah ya sa na zo gaishe ta. Tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa a faifai. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da fuska, ta kalli minti ɗaya ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, "Mi as samu yaron ga? Masassara shikai?" Ka ce a'a Inna, ado ne. Ta ci gaba da kallo. "Shina faɗin ba shi da ko sisi. To motag ga ta wa ta?" Nan ka gyara murya ka ce ai wannan shi ake kira saɓani da gangan, hoto yana ja da waƙa don ya sa mai kallo tunani. Ta dube ka ta kan wayar, irin duban da take yi mana in mun ce ba mu muka sha nonon ba, ta ce, "Mu ƙarya muka ce mata." Na kusa shaƙewa da goro. Shekara biyu kana karatun abin da tsohuwa ta warware kafin ta tsince tsakuwa uku.

Can wajen tsakiya sai ta ce a mayar baya. Akwai wani ɗan guntu, bai fi daƙiƙa huɗu ba, inda mai ɗauka ya juya kyamara bisa kuskure: hannun wani manomi cikin laka yana buɗe bakin kwali ruwa na shiga fadamar shinkafa, bayansa kuma shimfiɗar ruwan dam har iyakar gani. Ta sa aka maimaita mata sau uku. Ta ajiye faifan. Ta ce, "Kun tahi har bakin ruwan ga, ba ku san abin da ac cikinai ba?"

Kai ka sani, ni ma na sani, yaranka ne ba su sani ba. Madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato take, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, aka kammala a 1978, don a shayar da kimanin hekta 23,000. Ruwan da ya taru ya haɗiye gonaki da gidajen dubban mutanen ƙasar Maradun. Manoman da aka karɓe wa filaye suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka masu yawa. Gwaggo tana amarya lokacin, ta ga waɗanda suka gudo. Yau shinkafa da albasa da tumatir ɗin da ke cika kasuwar Talata da ruwan nan ake noma su. Wuri mai wannan nauyi kuka mayar labulen mai hoto, kuka jingina masa motar aro. Waƙa tana maganar talaka mai zuciya, ga talakan nan tsaye cikin laka a bayanku, kun ba shi daƙiƙa huɗu, su ma bisa kuskure.

Akwai wani abin da na ji ka faɗa a aji wanda ya nuna min littafinka bai taɓa kwana a Zamfara ba. Ka ce hasken da ya fi kyau ga hoto shi ne na gab da faɗuwar rana. Gaskiya ne. To wace uwa ce za ta bar ɗanta a bayan gari a wannan lokacin? A 2021 kaɗai an kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe cikin Fabrairu, an shiga kwalejin aikin gona ta nan Bakura cikin Agusta, an ɗebi ɗalibai a Ƙaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Shi ya sa kuka yi ɗauka da tsakar rana kuka gasa yaron mutane. Ban yi maka dariya a nan ba. Sai dai ina cewa ka koya musu yadda ake sarrafa hasken hantsi da inuwar zaure da ta bishiyar mangwaro, tunda su ne namu. Haka batun yaɗawa. Ka cika allo da lissafin masu kallo a YouTube, ka manta a watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya, makonni ana nufar wajen Sakkwato don a yi kira ɗaya. Waƙa kuwa ba ta daina yawo ba. Masu tura waƙa a rumfunan cajin waya suka ci gaba da loda wa mutane a katin waya, abokai na tura wa juna ta Xender. In kana son sanin ko bidiyon yaranka ya karɓu, je ka rumfar mai caji ranar Talata ka ji ko ana tambayarsa.

Kada ka ce ban yaba komai ba, don na san halinka, za ka kai ƙarata wurin gwaggo. Yarinyar da ta haɗa hoton a waya da CapCut tana da kunne. Duk inda kiɗa ya faɗi, nan take yanka, ba ta wuce ba ta gaza ba, kuma ita ce ta ƙi goge daƙiƙa huɗun nan da ka ce a cire. Yaron da ya naɗe faifai da takardar ƙyalli yana mayar da hasken rana kan fuskar mawaƙi shi ma a riƙe shi da kyau. Wanda aka gasa a kan bonet kuwa muryarsa na da zaƙi, a cire masa rigar kawai a bar shi ya sha iska. Yaran sun iya. Malaminsu ne ke buƙatar ajin hutu.

Ga sharaɗina. Bidiyo na biyu, kafin a taɓa waya, kowane ɗalibi ya faɗi turken waƙar da baki cikin jimla ɗaya, in ya kasa a koma gida. A zaunar da su su saurari Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ido rufe, kowa ya faɗi abin da ya gani, don mutanen nan sun nuna mana dawaki da fada da fuskar maƙiyin sarki ba su taɓa riƙe kyamara ba. A leƙa rumfar mahauta ranar kasuwa, in an dace da mai kalangu a roƙe shi izini a ɗauka. In ruwa kuke so, ku zo Tafkin Natu, zan ba ku masauki da tuwon shinkafa, ku ga yadda Burmawa ke karɓar baƙi, ba irin garinku da ake tambayar baƙo ko ya ci abinci bayan an wanke tukunya ba. Mai duba jarrabawa daga waje kuma gwaggo ce, na riga na naɗa ta, ta ce ladanta goro biyar ne, fari.

Cika-ciki ya kusa. Ranar goma ga wata ina gida tun safe, naira ɗari biyar ɗinka na nan sabuwa fil. Ka taho da bidiyon, ka bar tabarau a Mafara, kuma kada ka manta da tsintsiya.